Vidi Uku a Gaban Lambar Bijimi

Ba don baƙi ba, da wataƙila har yau ba a san bijimin ya ɓace ba.

Ranar Litinin da hantsi Manaja ya shigo da mutum uku daga hedikwata, yana tafe yana ba su labarin ci gaban da gonar kiwon ta samu a hannunsa. Ya kai su ɗakin ƙarshe, na bijimin da aka sayo daga nesa don gyara irin shanu, wanda duk wani ɗan maraƙi mai kyan gani a gonar jininsa ne. Ya ja ƙyauren ƙarfen da kansa yana murmushi. Ɗaki wayam, sai ƙudaje.

Kafin baƙin su kai ga motarsu an riga an samo ɓarawo. Aka ɗauko littafin zagaye, inda ake nuna cewa an duba kowace dabba kowace yamma. A gaban lambar bijimin, Juma'a da Asabar da Lahadi, duk an rubuta kalmar da aka saba rubutawa. Ke nan jiya da yamma yana nan, ke nan da dare ya fita. Wa ke gadin dare? Wani tsoho mai shekara sittin da huɗu, wanda ya yi goma sha tara a bakin ƙofar nan. Manaja ya sa aka kulle shi a sito cikin buhunan dusa, ya buga wa 'yan sanda waya. Suka ce motarsu ta fita aiki, sai ƙarfe huɗu.

A layin gidajen ma'aikata kuwa har an yanke hukunci. Wata ta tuna ta gan shi da sabuwar rediyo. Wani ya ce dama shirun tsohon nan bai taɓa kwanta masa ba. Mutanen da suka yi shekaru suna aron gishiri a gidansa, ba wanda ya ce a dakata a bincika.

'Yar maigadi tela ce a kasuwa. Da labari ya iske ta, ta bar ɗinki a kan keke, ta tafi ta ɗauko mai bin sawu.

*

Sunkuyau ake ce masa, don ko gaisawa kuke yi ƙafafunka yake kallo. Siriri ne, da 'yar sanda wadda ba ta kai kamu biyu ba. Manaja ya dube shi sama da ƙasa.

"Ni bijimi nake so. In za ka iya gano inda aka kai shi, ga fili nan. Amma ɓarawo kam yana hannu."

"To, ranka ya daɗe. A dai hana mutane bi na."

Ya shiga ɗakin bijimin shi kaɗai, 'yar maigadi ta tsaya a bakin ƙofa. Ya tsuguna gaban kashin bijimin da ke ƙasa, ya fasa shi da sandarsa. Ya bushe har ciki, buzuzu ya huda shi ta ko'ina. Ya leƙa kwamin abinci, fes, ko ɓurɓushi babu. Kwamin ruwa kuwa cike yake, har gansakuka ta fara kama gefensa.

Ya fito ya zagaya ta baya, inda wata 'yar hanya ta bi gefen shinge zuwa ƙaramar ƙofar da ba a cika buɗewa ba. Nan ya daɗe a duƙe.

"'Yata, yaushe aka yi ruwa a nan?"

"Juma'a da la'asar. Yayyafi ne ma, bai fi minti goma ba."

"Tun daga nan ba a ƙara ba?"

"Ko ɗigo."

"Zo ki gani, amma ki taka inda na taka."

Sawun kofato ne manya, a jere, suna nufar ƙofa. A cikin kowane sawu akwai 'yan ramuka ƙanana birjik, kamar an yayyafa wa gari ruwa.

"Ruwan ya sauka a kan sawun. Da sawun ne ya zo bayan ruwa, da ya murje waɗannan ramukan. Bijimin nan ya fita ranar Juma'a, rana tsaka. Babanki ƙarfe nawa yake kama aiki?"

"Bakwai na yamma. Malam, ke nan..."

"Ke nan kada ki yi saurin murna. Kalli nan kuma."

Gefen hagun kofaton akwai sawun takalmin roba mai tsawo, irin wanda gonar ke raba wa kowane ma'aikaci, duk gindinsu ɗaya. Ba inda bijimin ya turje, ba inda aka ja shi. Sun tafi kafaɗa da kafaɗa kamar abokai. Sunkuyau ya bi su har bakin titi, inda tayoyin babbar mota suka bar shaida a gindin wata bishiya. Daga nan kwalta ta haɗiye komai.

*

Manaja ya saurare shi yana kaɗa biro.

"Malam, ƙasa ba ta sa hannu. Ga littafi nan. Ma'aikatana masu takardar shaida sun rubuta sau uku cewa dabbar tana nan. In 'yan sanda suka zo, littafi zan ba su ko kashin shanu?"

A ofishin akwai Akawu, mace mai tsafta wadda littattafan gonar ke hannunta, da sabon likitan dabbobi wanda bai cika shekara da zuwa ba. Sunkuyau ya jawo littafin. Bai iya karatun boko ba, kuma bai ɓoye ba.

"Wannan 'yar kalmar da ta cika shafi, me take cewa?"

"Vidi," in ji Manaja.

"Me ke nan?"

"Alama ce. Haka muka tarar ana yi."

"Ina jin taƙaita wata doguwar kalma aka yi," in ji likita, yana duba wayarsa.

Akawu ta ce ita dai ta san ba a son a ga gurbi a littafin, iyakar saninta ke nan.

Shekara da shekaru mutum uku masu ilimi suna kare kansu da kalmar da ba su taɓa tambayar ma'anarta ba, kuma da ita za su tura tsoho gidan yari ƙarfe huɗu.

Daga bakin ƙofa wani ya yi gyaran murya. Kawu ne, babban jami'in kiwo, wanda ya fi kowa daɗewa a gonar, har Manaja ma Kawu yake ce masa.

"Latin ce," ya ce. "Tsohon harshen da likitoci da alƙalai suke ɗebo kalmomi a cikinsa. Ma'anarta, na gani. Tsohon likitan da ya kafa gonar nan shi ya kawo ta. Yakan ce, ba an gani ba, ba an gaya mini ba, ba na ji motsinsa ta bayan bango ba. Ni, da idona, na gani. A zamaninsa littafin nan a bakin garke yake rataye, ba a kan tebur ba. Sai ka tsaya gaban dabba, ka ga ta miƙe, ka ga idonta, ka ga hancinta da danshi, sannan ka rubuta. In ba ka gani ba, ka bar wurin fari ka zo ka faɗa. Na ga ranar da ya kori mutum a kan vidi ɗaya."

"Kai har yanzu haka kake yi?"

"Shekara ashirin da shida ban taɓa ɗora ta a kan dabbar da ban gani ba. Tambayi kowa."

"Gaskiya ne," in ji Akawu. "Kawu kaɗai ke ɗaukar littafin ya fita da shi."

Likita ya ƙara sunkuyar da kai cikin wayarsa.

*

Abin da ya tsaya wa Sunkuyau a rai shi ne kwamin abinci. In kwana uku ana zuba dusa ba mai ci, ya kamata ta taru. Ya koma bayan ɗakin, gindin 'yar tagar da ake zuba abincin ta ciki, ya sami sawun baro sabo fil, wanda ruwa bai taɓa ba. Baron ya zo, bai tsaya ba, ya karkata ya nufi gidajen ma'aikata, yana zubar da 'yar dusa a hanya. Ya bi shi har wani ɗan keji mai awaki huɗu, ƙosassu, suna sheƙi.

Mai ba dabbobi abinci yana zaune a gefe. Da ya ga wanda ke tafe, sai ya miƙe har yana tuntuɓe.

"Awakinka sun ji daɗin ƙarshen makon nan," in ji Sunkuyau.

"Wallahi, Malam, ban taɓa bijimi ba! Ni in ja wannan dodon? Ko tagar ma daga nesa nake zuba masa."

"Yaushe rabonka da shi?"

"Juma'a da safe. Ya ci, har yana hura mini hanci. Da azahar duk muka sauka ƙasan gona wankan maganin kaska. Asabar na leƙa, babu shi. Na ce ai an mai da shi makiyayar ƙasa ne, ana yin haka wani lokaci."

"Wa ka tambaya?"

"Tambaya kuma? In na tambaya a ce na cika shisshigi." Ya sosa ƙeya. "Sai na ga abincinsa an riga an fitar daga sito, mayarwa kuma sai an cike takarda..."

"Sai ka taimaki sito."

"Ka rufa mini asiri, Malam. Ina da iyali."

"Tsohon da ke kulle ma yana da su. Yau da safe da ake cewa jiya da dare aka sace, me ya hana ka buɗe baki?"

Mutumin ya kalli awakinsa.

Sunkuyau ya dubi ƙafafunsa. Gajere ne, takunsa bai kai rabin na wanda ya raka bijimin ba. Ɓarawon dusa ne kawai.

*

Likita ya same shi da kansa a bayan ɗakin magani, yana waige-waige.

"An ce kana tambayar wanda ya bar wurin wankan kaska ranar Juma'a. Ni na bari, kafin wani ya riga ni faɗa. Na hau babur na je gari karɓo allurai. Akwai takardar shagon."

"Kai ka rubuta kalmar nan ranar Juma'a da Lahadi?"

"Ni ne."

"Ka gan shi?"

"Dabba ɗari biyu da goma sha ɗaya ne, Malam. Da na zo, makon farko na zagaya. Aka riƙa yi mini dariya, wai sabuwar tsintsiya. Aka nuna mini yadda ake yi: ka zauna, ka bi layi daga sama har ƙasa, minti shida ka gama."

"Yanzu da ka ji ma'anarta fa?"

"Tun ɗazu kunya ta ishe ni."

"Wa kuma ya bar wurin wankan?"

"Kowa yana zuwa yana dawowa. Mabuɗin ƙofar baya ma a jikin ƙusa yake a ofis, ko kai ka shiga za ka iya ɗauka."

Doguwar ƙafa gare shi, daidai da takun da ke bakin shinge. Amma Sunkuyau ya lura tun da suka tsaya yake kaffa-kaffa da wata saniya da ke bayan shingen waya, wadda ko kallonsa ba ta yi. Bijimi ba ya bin mai tsoronsa ba igiya.

*

Ƙarfe uku saura ya koma ofis ya roƙi Akawu ta ba shi littafin. Ya fita da shi rana, ya shimfiɗa a kan benci, ya tsuguna a gabansa yadda yake tsugunawa gaban sawu. Ya karkata shafin ya ga yadda biro ya nutse. Ya juya bayan takardar ya shafa da yatsa. Ya koma makon jiya, da na shekaranjiya, har wata uku baya.

'Yar maigadi ta dawo daga tagar sito, inda ta miƙa wa babanta ruwa.

"Ya ƙi sha. Wai shi ba abin da ke damunsa sai yadda zai ƙara kallon maƙwabta. Malam, saura awa ɗaya, kai kuma kana kallon rubutun da ba ka iya karantawa."

"Ba karantawa nake ba, 'yata. Je ki ce wa Manaja ya tara mini su duka. A fito da babanki ma."

*

Suka taru a ofis: Manaja a kujerarsa, Akawu a gefensa, likita da mai abinci a jikin bango, Kawu a bakin taga. Maigadi ya shigo da dusa a gemunsa, ya tsaya inda aka tsayar da shi, bai ɗaga ido ba.

Sunkuyau ya ce, "Mai abinci ya leƙa ranar Asabar da safe, ba bijimi. Faɗa musu."

Ya faɗa, da ƙyar.

"Likita ya rubuta na gani sau biyu daga kan wannan kujerar. Haka ne?"

"Haka ne."

Manaja ya gyara zama. "To, an yi sakaci, za mu duba. Amma ranar Asabar Kawu ne ya yi zagaye. Kowa ya san Kawu ba ya rubuta abin da bai gani ba. Maganar mai satar dusa ba za ta ture tasa ba."

"Nan na tsaya ni ma, ranka ya daɗe." Sunkuyau ya buɗe shafin. "Hannu ma ƙafa ne, kowa da takunsa. Na likita gudu yake, yana tsallake layi. Na Kawu a tsaye yake rubuta shi, littafin a kan hannunsa, shi ya sa yake karkacewa, kuma yana danna biro har ya fito ta baya. Ga layin Asabar, tun daga sama har ƙasa takunsa ne. Sai wuri ɗaya." Ya ɗora bakin sandarsa a gaban lambar bijimin. "Wannan a kan tebur aka rubuta shi, a zaune, da hannu marar nauyi. Juya ka shafa, ba ya fitowa ta baya. Ƙafar wani ce a cikin sawun wani."

Duk suka juya ga Akawu, don kowa ya san hannun da ya fi sauƙi a ofishin. Ta dafe ƙirji.

"Ni fa ba da wata manufa ba! Yau da safe da aka ce baƙi na zuwa, na duba littafin, na ga gurbi ɗaya. Yallaɓai ba ya son gurbi. Kullum in likita ya tsallake layi ni nake cikewa, sai na cike."

"Kin taɓa cike wa Kawu?"

Ta yi tunani. "A'a. Yau ne farko."

Sunkuyau ya juya, a karo na farko ya ɗaga kai ya kalli mutum a fuska.

"Kawu, ka je ɗakin ranar Asabar, ka bar wurin fari, yadda aka koya maka. Amma ka ce mana ƙa'idar biyu ce: ka bar fari, ka zo ka faɗa. Wa ka faɗa wa?"

Sunkuyau ya ci gaba.

"Mai abinci ya zaci an mai da shi makiyayar ƙasa. Kai ba za ka zaci haka ba, don kai ke ba da izinin mai da dabba. Yau da safe kana tsaye aka karanta vidi uku, ka san ɗaya a layinka take kuma ba kai ka rubuta ba. Ka yi shiru. Bijimin nan ya bi mutum ba igiya, ba turjiya. Mutum nawa ne a gonar nan yake gani kullum har ya saba da su?"

Kawu ya ciro hularsa ya riƙe.

"Ranar Asabar na ɗauki biron," ya ce a hankali. "Na ɗora shi a kan takardar. Hannuna ya ƙi."

"Kawu!" in ji Manaja.

"Kada ka Kawu ni." Muryarsa ta tashi. "Shekara nawa ina zagaye ni kaɗai kuna zaune kuna cika layi? Ƙarshen watan nan zan yi ritaya, wa zai ƙara leƙa dabbobin nan? Na ce bari in ga kwana nawa za ku yi kafin ku lura. Kwana uku! Da baƙi ba su zo ba, da sai wata!"

Ba wanda ya iya kallonsa, don abin da ya faɗa game da su gaskiya ne. 'Yar maigadi ce ta matso.

"To, Kawu, mun ji, gwaji ne. Tun ƙarfe goma Baba yake kulle kamar akuya. Ka wuce ta gaban siton nan sau nawa? Shi ma gwada shi kake yi?"

Kawu ya kau da kai.

"Kuma gwaji ba ya zuwa da babbar mota," in ji Sunkuyau. "Ina aka sauke shi?"

Kawu ya faɗa. Wata gona ce ta wani mai hali, tafiyar awa biyu, inda aka yi masa alkawarin shugabancin garke in ya bar aiki, in har ya zo da bijimin.

Maigadi ya yi magana a karo na farko. Bai ɗaga murya ba.

"Kai ka kawo ni aikin nan. Ranar da aka haifi yarinyar nan kai ka kai uwarta asibiti a kan kekenka."

Kawu ya juya ya fuskanci taga. Daga can bakin ƙofar gona aka ji ƙarar mota.

*

Bayan 'yan sanda sun tafi da Kawu, Manaja ya share gumi, ya sauko da murya.

"Baba, a yi haƙuri, kuskure ne. Ka je gida ka huta, yau ba sai ka zo aiki ba. Ka bi ta ƙofar baya, ba sai mutane sun taru a kanka ba."

Tsohon ya kakkaɓe rigarsa, ya tsaya.

"Ta gaba aka shigo da ni, Yallaɓai, ana riƙe da hannuna, yara suna kallo. Kai ka faɗi sunana a tsakar gona da ƙarfi. Gida goma sha biyu ne a layinmu. Za ka raka ni, mu tsaya a kowace ƙofa, ka faɗa musu da bakinka."

"Haba Baba, ai labari zai kai musu."

"Na safe ma ai ya kai musu. Ni naka nake so su ji."

Manaja ya dubi Akawu, ta sunkuyar da kai. Ya dubi likita, likita ya matsa ya buɗe masa ƙofa. Ya miƙa hannu zai ɗauki mabuɗin motarsa.

"Da ƙafa," in ji 'yar maigadi.

Suka fita, tsohon a gaba, Manaja a bayansa. A ƙofar farko wata mata tana shanya. Ta tsaya da rigar yaro a hannu tana kallonsu. Maigadi ya ja gefe, ya ba Manaja wuri.